i7 mai RAM 8GB ko i5 mai 16GB? Ku ba ni shawara kafin Asabar

Mai Shagon Buga Takardu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya. Shekara shida ke nan ina da ɗan shago a Samaru, ina buga wa ɗalibai projat, ina yin katin gayyatar biki da fosta da kalandar makarantun Islamiyya. Kwamfutar da na fara sana'a da ita mai 4GB ce, ta gaji. Da safe in na kunna ta sai na share shago na goge firinta kafin ta gama tashi. Kwasar adashina ta zo, ranar Asabar zan shiga Kano in sayi sabuwa a kwali. Mai shagon ya turo mini guda biyu da kuɗina zai kai: ɗaya Core i7-1255U mai RAM 8GB, ɗaya Core i5-1235U mai RAM 16GB. Dukansu SSD 512GB ne, i7 ɗin ta ɗan ɗara kuɗi kaɗan. Zuciyata ta fi kwantawa da i7, don tun ina yaron shago nake jin ana cewa ita ce babba. Ƙanena kuma ya ce RAM zan duba. Aikina Word ne da CorelDRAW, Photoshop jefi-jefi, sai Chrome da ba na rufewa saboda WhatsApp da imel ɗin da ɗalibai ke turo aiki. Wacce zan ɗauka?

Mai Gyara Kano:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, i5 mai 16GB za ka ɗauka. Furosesa biyun nan da ka ambata 'yan ɗaki ɗaya ne. Dukansu zubi na 12 ne na Intel, kowacce ƙwaya 10 gare ta (wato core, sassan da ke yin aikin a cikinta), kowacce layin aiki 12. Abin da i7 ta fi shi ne gudun ƙoli, 4.7GHz a kan 4.4GHz, sai ɗan ƙari a ɓangaren hoto. A Word da Corel ba za ka taɓa jin wannan ratar ba. Ratar 8 da 16 kuwa ranar farko za ka ji ta, da zarar ka buɗe fosta a Corel, hoto a Photoshop, ga Chrome a gefe. Kullum ana kawo mini injina ana cewa "Oga ta kamu da bairos, tana ƙamewa," in duba in tarar lafiyarta ƙalau, RAM ne ya cika.

Ɗalibin Injiniya:
Oga Mai Gyara, da girmamawa, ban gamsu ba. Su kansu Microsoft 4GB suka ce ya isa a ɗora Windows 11. Ni shekara uku ke nan da 8GB nake karatu, ina zane a AutoCAD, ina rubuta rahoto, ban taɓa rasa aiki ba. Sannan ga babbar hujjata: RAM ana ƙara shi, furosesa ta laftof ba a canza ta. In ya sayi i7 yau, bayan wata shida ya sami kuɗi ya ƙara 8GB, ya tashi da i7 mai 16GB. In ya sayi i5 kuwa i5 ce har ta mutu. Kuma ranar da zai sayar, kowa ya san i7 ta fi saurin fita a kasuwa.

Malamin Sakandare:
'Ya'yana, ku yi haƙuri da tsoho ya katse ku. Ni ma ina son saya wa 'yata da ta shiga jami'a, shi ya sa nake bin maganar nan a hankali. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an ce 512GB an kuma ce 16GB a inji ɗaya. To wanne ne memorin? In 512 tana nan, me zai sa a damu da 8 ko 16?

Mai Haɗa Bidiyon Biki:
Baba Malam, barka da yamma. Bari in faɗa maka yadda na fahimtar da mahaifiyata ranar da na roƙe ta rancen kuɗin nawa injin. Ka ɗauki gidan da ake daka. 512GB ɗin nan rumbu ne, nan hatsi yake kwana, ko an kashe inji yana nan. RAM turmi ne. Furosesa kuma ita ce mai daka. Ba a daka a cikin rumbu, sai an ɗebo an zuba a turmi. In turmin ƙarami ne, komai ƙarfin mai daka dole ta riƙa ajiye taɓarya tana kwashewa tana komawa rumbu ɗebo wani. Lokacin da take tafiya da dawowa shi ne lokacin da kake zaune kana kallon ɗan da'irar nan tana juyawa a allo. Shi wannan ɗan'uwa namu, zaɓin da ke gabansa mata biyu ne masu ƙarfi kusan ɗaya, ɗaya an ba ta turmi, ɗayar an ba ta wanda ya ninka shi. Kuma turmi ba ya ajiya, da an ɗauke wuta duk abin da ke cikinsa ya zube, shi ya sa ake cewa ka riƙa adana aiki.

Malamin Sakandare:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Yau na gane.

Mai Rubuta Manhaja:
Hajiya ta gama bayani, ni lambobi kawai zan ɗora a kai don a ga nisan rumbu da turmi. RAM irin DDR4-3200 guda ɗaya yana iya kai kusan 25GB a daƙiƙa. SSD mai sauri irin NVMe na zubin PCIe 3.0 yana tsayawa wajen 3.5GB a daƙiƙa. SSD na SATA wajen 550MB. Tsohon HDD mai faifai mai juyawa da ƙyar yake wuce 150MB. Idan RAM ya cika, Windows ba ya tsayawa, sai ya fara matse abin da ke ciki, in bai isa ba ya kwashe wani sashe ya zuba a wani fayil a kan SSD mai suna pagefile. Da ka koma kan wancan aikin sai an sake ɗebo shi. Shi ya sa mai 8GB da SSD zai ce maka injinsa lafiya lau, kuma ba ƙarya yake ba, SSD ne yake rufa masa asiri. Amma ya lura da ɗan jinkirin nan in ya tsallaka daga wannan manhaja zuwa waccan.

Ƙanena Ɗalibi, 4GB ɗin Microsoft iyakar ƙasa ce ta a ɗora Windows ya tashi, ba ta yin sana'a ba. Su ɗin dai, sababbin injinan da suke kira Copilot+ sun ce sai da 16GB. Apple ma da suka daɗe suna kare 8GB, a Oktoban 2024 suka mayar da MacBook Air 16GB daga ƙasa. Adobe kuma sun rubuta cewa Photoshop 8GB ne mafi ƙaranci, 16GB suke ba da shawara.

Ɗalibin Injiniya:
Na ji wannan Yaya, ban musa ba cewa 16 ta fi 8. Abin da nake cewa a sayi i7 a ƙara daga baya. Har yanzu ba wanda ya amsa wannan.

Mai Gyara Kano:
To bari in amsa maka ƙanena, don nan ne mutane suke faɗawa rami. Maganar "RAM ana ƙarawa" gaskiya ce a da, yanzu sai an duba. Laftof kala uku ne. Akwai mai gurbi biyu, ka cire ka sa yadda kake so, irin ThinkPad T480 da EliteBook 840 G5. Akwai wanda aka lika wani sashe a jikin bod, wato babban faifan cikin injin, da dalma aka bar gurbi ɗaya, irin ThinkPad T490. Akwai kuma wanda duka a like yake, babu gurbi ko ɗaya, irin X1 Carbon da duk MacBook masu M1 zuwa sama. Yawancin sirara marasa nauyin nan da suke burge mutane a shago, na ukun ne. In ka ga an rubuta LPDDR4X ko LPDDR5 a jikin kwali, kusan kullum a like yake.

Watan jiya wata baiwar Allah ta zo shagona da injinta sabo, bai fi wata huɗu ba, ta riga ta sayo RAM 8GB a leda ta ce in sa mata. Na kwance kusoshi na ɗaga marfin baya, ga batir, ga fanka, ga SSD, ga ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe huɗu a jere a jikin bod, babu inda za a soka komai. Na juya mata ta gani da idonta. Shiru ta yi, ta riƙe ledar nan, can ta ce wanda ya sayar mata ya rantse ana ƙarawa. Na ji zafin abin ƙwarai, don kuɗin gadonta ne ta sa. Ba abin da na iya yi mata sai rage manhajojin da suke tashi tare da Windows.

Saboda haka mai shago, kafin mu ci gaba da gardama, kira mutumin nan ya turo maka cikakkiyar lambar samfurin kowacce. Ba sunan kamfani kawai ba, lambar da ke ƙasan injin. Sannan ya kunna su, ya danna Ctrl da Shift da Esc tare don Task Manager ya buɗe, ya shiga Performance, ya zaɓi Memory, ya ɗauki hoton allon ya turo.

Mai Shagon Buga Takardu:
Yanzu zan kira shi Oga. Allah ya saka.

Matashi Mai POS:
Ni tambayata daban ce. Wayata an rubuta RAM 16GB a kwalinta, 8+8. Ashe ke nan ta ninka i7 ɗin nan? Kuma ba a iya yi wa kwamfuta irin wannan ƙarin ba tare da an sayi komai ba?

Mai Rubuta Manhaja:
A'a ɗan'uwa, 8 na farko ne RAM na gaske. 8 na biyu daga ma'ajiyar wayar aka yanko aka ce ya yi aikin RAM. Samsung suna kiransa RAM Plus, Infinix suna cewa MemFusion. Shi ne dai pagefile ɗin da na ambata a sama, Windows ya daɗe yana yinsa da kansa ba tare da ka taɓa komai ba. Yana taimakawa kada manhaja ta rufe, amma ba ya gudun RAM. Kuma duk shafin da ya ce ka sauke RAM kyauta daga intanet, ka guje shi.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum ƴan'uwa na Nijeriya. Mu a nan Go muke gani a takarda, 8 Go, 16 Go, abu guda ne da GB naku, rubutun Faransanci ne. Ina da tambaya ta wajen wuta. Ni da sola nike aiki, batir guda ne gare ni babba. Wani ya ce mani RAM mai yawa yana shan wuta, in na sa 16 batirin laftof ba zai daɗe ba. Gaskiya ne? Sannan mai shago, in ka tafi saye ka dubi allon haruffa. Namu da ke zuwa daga Faransa AZERTY ne, naku QWERTY. Mai buga takardu in aka sauya mashi wurin A da Q ya sha wahala.

Mai Gyara Kano:
Wa alaikumus salam mutumin Damagaram. Yana sha, amma kaɗan ne ƙwarai, ɗan wat ɗaya ko biyu. Hasken allo da furosesa su ne masu cin batir. Kowane sabon zubi ma ragewa yake: DDR3 volt 1.5 ne, DDR3L 1.35, DDR4 1.2, DDR5 1.1. In ka rage hasken allo ka mayar da abin da RAM ɗin ya ci. Kada wannan ya hana ka.

Mai Haɗa Bidiyon Biki:
Ni fa in za a bi tawa, ko 16 ɗin ma a yi tunani. Da 16GB na fara, yana yi mini aiki lafiya a bidiyon 1080p. Ranar da amare suka fara cewa 4K suke so, na ga tashin hankali. Akwai bikin da na yi kwana biyu ina haɗawa, kamu da ɗaurin aure da dina, kyamara uku. Uwar amarya tana zaune a falona tana jira za ta wuce Abuja da filashi. Ina danna kunnawa hoton yana tsalle, murya tana gaba hoto yana baya, fanka tana kuka kamar za ta tashi sama. Sai da na yi ƙananan kwafi na kowane bidiyo na yi aiki da su, ta tafi ba tare da shi ba, na aika mata a mota washegari. Kunyar ranar ce ta sa na sayar da awarwarona na koma 32GB. Adobe ma abin da suka rubuta ke nan a Premiere Pro, 16GB na HD, 32GB na 4K. Wanda zai sayi inji ya yi shekara biyar da shi, ya duba inda sana'arsa za ta kai, ba inda take yau kaɗai ba.

Ɗalibin Injiniya:
To ka ji. Yanzu an tashi daga 16 an koma 32, gobe wani zai ce 64. Bawan Allah nan kuɗin adashi ne da shi. Talaka fa muke ba shawara.

Mai Haɗa Bidiyon Biki:
Ƙanena, ni ma ba 'yar mai kuɗi ba ce, ka ji abin da na sayar. Ban ce ya sayi 32 ba, cewa na yi ya tabbata ƙofar a buɗe take.

Mai Rubuta Manhaja:
A nan ina tare da Ɗalibi rabi. RAM ba kamar furosesa ba ne da ƙarinsa kullum yake ƙara gudu. In aikinka 11GB yake ci, mai 16 da mai 32 da mai 64 gudu ɗaya za su yi, sauran yana zaune ne. Amfaninsa yana tsayawa daidai inda ya ishe ka. Mai Word da Corel da katin biki, 32 ɓarnar kuɗi ce gare shi, gara ya sa kuɗin a UPS ko inbata ko tawadar firinta. Ni ina da 32 ne saboda ina kunna Android Studio da wayar gwaji ta cikin kwamfuta da rumbun bayanai a lokaci guda. Hajiya saboda 4K. Masu Revit da manyan taswirori su ma haka.

Hanyar da kowa zai auna kansa ba sai ya tambayi zaure ba: ka buɗe duk abin da ka saba buɗewa a ranar da aiki ya fi yawa, ka shiga wurin nan da Oga ya kwatanta. Windows da gangan yake cika RAM da abubuwan da yake zaton za ka nema, in an buƙaci wurin ya saki. Layin da aka rubuta Committed za ka duba. In lambar farko ta wuce RAM ɗin da ke cikin injinka, to mai yiwuwa kana cin bashi daga SSD, lokacin ƙari ya yi.

Mai Shagon Buga Takardu:
Ya turo hotunan. A i5 ɗin an rubuta Slots used 2 of 2, gudu 3200, SODIMM. A i7 ɗin a wurin Form factor an rubuta Row of chips. Na tambaye shi ya ce shi ma bai taɓa buɗe irinta ba, amma ita ce siririyar, ta fi kyau a ido.

Mai Gyara Kano:
To magana ta ƙare. Wannan rubutun na i7 yana nufin ƙwayoyi ne a jere a jikin bod. Na duba lambar samfurin da ka turo mini ta akwatin saƙo, babu gurbi a cikinta. 8GB aka haife ta da shi, da shi za ta tsufa. Ita kuwa i5 ɗin 8 da 8 ne a gurbi biyu, kuma wannan ma wata riba ce. RAM biyu suna aiki ta hanya biyu a lokaci ɗaya, faɗin hanyar ya ninka. Injinan nan ba su da katin hoto daban, ɓangaren hoton yana cikin furosesa kuma daga RAM ɗinka yake ɗiba. Intel da kansu sun ce sai da hanya biyun nan yake amsa sunan Iris Xe, in RAM guda ne sai ya koma UHD mai ƙarancin ƙarfi. Ga mai zane wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ka lura, a inji mai 8GB abin da hoto ya ɗiba daga cikin 8 ɗin nan yake fita.

Abu ɗaya da zan faɗa maka don kada ka ce ban faɗa ba: tunda gurbin biyu a cike suke, ranar da kake son 32 sai ka cire duka biyun ka sa 16 da 16. Ko ka cire ɗaya ka sa 16 ka tashi da 24, yana aiki lafiya. Waɗanda ka cire kuma kuɗi ne, ana saye.

Ɗalibin Injiniya:
Tunda a like yake, na janye. Hujjata duka a kan ƙari ta tsaya. Amma Oga, da a ce i7 ɗin tana da gurbi a buɗe fa? Ai da ni ke da gaskiya.

Mai Gyara Kano:
Da shekara biyu da suka wuce ne, da na ce kana da rabin gaskiya, don lokacin RAM araha ne. Yanzu kasuwa ta juya. Tun ƙarshen 2025 kuɗin RAM ya haura sama a duniya baki ɗaya, wani ya ninka har ya wuce. Kamfani uku ne suke yin kusan duk ƙwayoyin RAM na duniya, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da suke yi, su kuma sun karkata can don ya fi riba. A Disambar 2025 Micron suka sanar za su daina sayar da kayan Crucial ga ɗaiɗaikun mutane, alhali Crucial ɗin nan shi muka fi sa wa mutane a shago. DDR4 kuma ana rage yinsa don an koma DDR5, shi ma ya yi tsada. Ga canjin dala a kai. Wanda ya ce zai ƙara daga baya, bai san nawa zai tarar ba. In ka sami inji da 16 a ciki a kuɗin da bai wuce na mai 8 ba, ka riƙe shi da hannu biyu.

Maganar sayarwa kuma, gaskiya ne sunan i7 yana jan ido. Amma mutane sun fara wayewa. i7-7500U ƙwaya 2 gare ta, i5-8250U da ta biyo bayanta ƙwaya 4. Na ga waɗanda suka biya kuɗi mai yawa a kan ta farkon saboda lamba 7, ga shi kuma kusan duk zubi na 7 ba ya cikin jerin da Windows 11 ya amince da su, Windows 10 kuwa an daina ba shi tallafi tun 14 ga Oktoba 2025.

Malamin Sakandare:
Wannan ta ƙarshen ta shafe ni. Ni ta hannu zan saya wa yarinyar, ƙarfina bai kai sabuwa ba. Harshen Larabci take karanta, rubutu ne da bincike da darasi ta Zoom. Me za ku ce?

Mai Gyara Kano:
Baba, nemi i5 zubi na 8 zuwa sama, lambar farko bayan i5 ita ce zubin, kamar 8250U ko 8350U, daga zubi na 10 kuwa lambobi biyun farko ne, kamar 12 a 1235U. Lallai da SSD, kada ka yarda da HDD ko an ce maka 1TB ne. 8GB zai ishe ta farawa in dai akwai gurbi na biyu a buɗe, irin T480 ko 840 G5 da na ambata. In da hali a sa mata 16 tun a shago ya fi. 4GB kuwa ko kyauta aka rage maka kuɗi kada ka karɓa. In za ka ƙara daga baya, ka je da injin, don DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. Kada a tura da ƙarfi. In gudunsu ya bambanta, misali 2666 da 3200, duka za su koma gudun ƙaramin, ba laifi ba ne.

Ɗan Damagaram:
In ƙara da abin da na gani nan wajenmu lokacin hunturu. Ƙura tana shiga inji, wata rana ka kunna fanka na juyawa allo baƙi ƙirin. Sau biyu ya faru gare ni, mai gyara ya cire RAM ya goge haƙoransa masu ruwan zinariya da abin goge fensir, ya hure gurbin, ya maida, ta tashi. Wannan ma wani amfanin mai gurbi ne.

Mai Gyara Kano:
Haka ne. Sai dai wanda zai yi da kansa ya kashe inji, ya zare caja, ya cire igiyar batir daga bod, ya taɓa ƙarfe kafin ya taɓa RAM, don a hunturu jiki yana tara lantarki. A gefe ake riƙe shi. Kai kuma mai shago, sabuwa ce da garanti, kada ka buɗe ta sai ka tambayi sharaɗinsu.

Mai Kula da Zaure:
Na maƙala wannan muhawarar a sama, don tambayar nan duk mako sai an yi ta. Masu turo tallar laftof a ƙarƙashinta, na goge, akwai ranar talla.

Mai Shagon Buga Takardu:
Salam 'yan'uwa, na dawo daga Kano ɗazu bayan la'asar. i5 ɗin na ɗauka. A gabana aka yanke ledar kwalin, na duba allon haruffa kamar yadda mutumin Damagaram ya ce, na shiga Task Manager na ga 16GB da gurbi biyu da idona kafin na tura kuɗi. Ragowar da ta rage na sayi filashi da jaka. Yanzu haka na buɗe kalandar wata Islamiyya mai hotunan ɗalibai sittin a Corel, Photoshop a buɗe, projat mai shafi ɗari da ashirin a Word, Chrome da shafuka goma sha huɗu. Yana nuna 10.8GB ake amfani da shi. Da mai 8 na saya da tuni na wuce iyaka a daren farko. Oga Mai Gyara, Hajiya, Yaya mai manhaja, har da ƙanena Ɗalibi da gardamarsa ta sa aka tono maganar gurbi, Allah ya saka muku da alheri.

Saura tambaya ɗaya. Tsohuwar mai 4GB, in sayar ko in gyara wa yaron shagona ya riƙa buga rubutu a kai?

Mai Gyara Kano:
Allah ya sa albarka, ya kawo kasuwa. Kada ka sayar, ba za a ba ka abin kirki ba. Juya ta ka ɗauki hoton takardar da ke ƙasanta ka turo mini. In DDR3L take ci, na hannu yana nan a kasuwa, mu ƙara mata 4 ta zama 8, mu cire HDD mu sa ƙaramin SSD 256GB. Ka duba mini kuma ko Windows ɗin da ke kanta 32-bit ne, don in shi ne ba zai ga abin da ya wuce 4GB ba, sai mun sake ɗora 64-bit. Ka kwashe ayyukan mutane a filashi kafin ka kawo ta.

Mai Shagon Buga Takardu:
Na duba, 32-bit ne. Zan kwashe ayyukan yau da dare, ranar Laraba yaron zai kawo maka ita in sha Allah.